Sunan Aron Ɗan Farina

Ga ta nan zan ba ku, amma ba ta namun daji ba ce, tawa ce, kuma ba mai daɗin faɗa ba ce. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Faɗa nake yi ana sa wa a takarda, yanzu da wanda maganar ta shafa ya riga mu gidan gaskiya, babu sauran abin da wani mahaluƙi zai iya yi masa.

A Furana aka haife ni, cikin Filanin da suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya. Aure ne ya kawo ni wani ƙauye kusa da Hunkuyi, gidan manoma dawa da barkono. A gidanmu an hore mu da kunyar ɗan fari. Hausawan da na tarar su ma suna yi, amma tamu ta fi tsanani. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in wani ya yabe shi a gabanta sai ta sunkuyar da kai ko ta tashi ta ba da wuri. Ko ɗan maƙwabta ne mai irin sunan, sai ta laƙaba masa wani. Ni kuwa na riƙe abin nan da hannu biyu, har aka san ni da shi. In amarya ta haihu ta cika rawar kai da jaririnta, ni ake nuna mata, a ce ta je ta ga yadda Bafillatanar gidan can take yi.

Da aka yaye ɗan farina sai kakarsa, uwar mijina, ta ɗauke shi zuwa Nasarawan Doya, inda take zaune wurin babban ɗanta. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannen mijina suna faɗa. Abin da na sani na rayuwarsa duk tsintarsa na yi a bakin mutane, don ban taɓa tambaya ba. Na ji an sa shi a boko, na ji yana da kai. Na ji ya tafi Zariya babbar makaranta, daga baya na ji ya dawo babu takardar gamawa, wai an yi wata hayaniya ta ɗalibai aka kore su. Na ji ya yi aiki a masaƙa a Kaduna har aka rufe ta. Akwai wasu shekaru da ban ji komai ba sam, ko ubansa bai san inda yake ba. Sai ga shi ya dawo Nasarawan Doya, ya yi aure a makare, ya kama dafa wa mutane mazarƙwaila in lokacin rake ya yi, da damina kuma ya yi ɗan nomansa. Mutum ne marar magana. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina ciki na juya gefe, ya tambayi gajiya, na amsa, ya tambayi jiki, na amsa, ya ajiye abin da ya kawo ya fita. Mutane suna cewa karatunsa ya tashi a banza. Ni ma a cikina haka na ɗauka.

To, ana nan ana nan, bayan mijina ya rasu, sai wani rubutu ya fara yawo a wayoyin mutane. Mai yin sa ba ya sa sunansa na yanka, wani suna ya ara, gajere mai daɗin kamawa a baki. Samari suna karantawa a bakin kasuwa da wurin masu cajin waya, daga baya wani ya riƙa karanta shi da murya ana turawa, har ya shigo mana cikin gida, mu da ba mu san baƙi ba. Maganar taki yake yi, wanda ake cewa an kawo wa talaka amma sai a gan shi a shagon wani. Maganar gonakin da ake yanka wa manya a bakin fadama. Maganar dillalan da suke yanke wa dawa kuɗi tun tana tsaye a gona. Ya ce ƙasa ta wanda ya sunkuya a kanta ce. Ya ce kada wanda ya ƙara cire takalmi don zai gaida mutumin da shi ne ya zaɓe shi. Bai bar kowa ba, na wannan jam'iyya da na waccan, har masu rawani da masu wa'azin da suke bin gidajen manya.

Kowa da nasa zato. Wasu suka ce wani babban malamin jami'a ne a Zariya. Wasu suka ce a ƙasar waje yake, shi ya sa ba ya tsoro. Wasu suka ce ba mutum ɗaya ba ne, taro ne. Akwai ma wanda ya rantse mace ce, wai namiji ba ya sanin farashin daddawa haka.

Ni kuwa abin ya shige ni. Ni mai ba da tatsuniya ce tun ina da ƙuruciya, in na ji magana mai gishiri ba na iya barinta ta wuce. Sai na riƙa haddace abin da aka karanta, in je wurin daka ko wurin tsinkar barkono in maimaita wa mata, in ƙara masa nawa. Har waƙar daka na yi masa, da sunan nan nasa na aro a kowane ɗango. Ina cewa, wane ɗan halak, wane mai faɗa a gaban kowa, uwar da ta haife ka ta huta. Mata suna amshi, taɓare suna sauka.

Babbar mai amshina ita ce aminiyata, maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Autanta malamin firamare ne a ƙauyenmu, yaro mai surutu da son jama'a, shi ne ma yake yawan karanta wa mutane rubutun a gindin dalbejiya. Ita takan zolaye ni ta ce, "Filani, ko dai mu nemo miki shi a ɗaura? Tun da malam ya rasu ban ga kin yi wa namiji rawar kai haka ba." Ni kuma in ce mata in ta samo shi ta kawo, ba na neman sadaki, ya karanta mini guda ɗaya ya isa.

Aka haifa wa ɗan farina 'ya, muka tafi suna Nasarawan Doya. Kaka ba ta kunyar jika, don haka na sake a cikin mata. Bayan an ci an sha, sai wata ta ce a sa tsohuwar Hunkuyi ta yi waƙar nan tata da ake labari. Na ƙi, suka matsa, na tashi. Na kama waƙa, mata suna tafi. Ina cikin yi sai ga shi ya shigo tsakar gidan ɗauke da buhun ruwan leda a kafaɗa. Na ga ya tsaya cak. Ni a zatona ganin surukai ne ya tsayar da shi, sai na juya masa baya kamar yadda na saba, na ci gaba. Na kira sunan, na sake kira, na sa wa uwar albarka, na ce da ni ce ita da na yi tafiya ina taƙama a kasuwar Hunkuyi. Da na waiwaya ya ajiye buhun ya fita.

Daga baya mai rubutun ya kira manoma ya ce su gwada abu ɗaya: ranar kasuwa guda kada kowa ya kai hatsi, a ga ko dillali zai auna iska. Ba kowa ya bi ba, amma waɗanda suka bi sun isa a gani. Manyan motoci suka zo suka koma rabi babu kaya. Tun daga ranar aka daina dariya a kan maganar. Aka fara ganin baƙin fuskoki a wurin masu caji suna tambaye-tambaye.

A cikin kwanakin nan ne aka kunna mana wani sabon rubutu a gidan aminiyata, muna ɓarar gyaɗa da hantsi. Wannan karon da tatsuniya ya fara. Ya ce wai an yi wata akuya da aka ba gadin rumbun wake, don ta ce ita azumin nafila take yi ba ta cin komai. Kullum wake yana raguwa, kullum ita ta fi kowa kuka, har mutanen gari suka riƙa kawo mata harawa suna ba ta haƙuri. Ya ce akuyar tana da karyayyen ƙaho na hagu, da jan tsumma ɗaure a ƙafarta ta baya.

Gyaɗar da ke hannuna ta zube. Wannan tatsuniya ba ta kakanni ba ce. Ni na ƙirƙire ta da bakina, a kan wata akuyata mai karyayyen ƙaho da na ɗaura wa jan tsumma don kada ta ɓace cikin na maƙwabta, shekarar da ta shiga ɗaki ta cinye mini waken iri. 'Ya'yana kawai na ba, a tsakar gidana, ban taɓa fita da ita ba, daga baya ma na manta da ita. 'Ya'yan nan kuwa mata biyu ne da ba su yi boko ba, sai ƙaninsu direba da ba ya iya zama ya rubuta ko gaisuwa. Ina zaune sai na tuna wani abu. In an yi hutun makaranta akan kawo ɗan farina ya yi kwanaki wurin ubansa. Ba ya zama cikin yara in ina ba da tatsuniya, don ya san ba zan sake ba in yana wurin. Bayan zana yake zama. Ta ƙasan zanar nakan hango ƙafafunsa, in yi kamar ban gani ba.

Aminiyata ta tambaye ni lafiya, na ce jiri ne. Na tashi na shiga gida na zauna a bakin gado. Abin da ya fara zuwa mini ba tsoro ba ne, Allah ya sani. Ranar sunan nan ce ta dawo mini. Ni da ake kai amare su koyi kunya a wurina, ni ce na tsaya a tsakar gidan ɗan farina, gaban surukansa, ina kiran sunansa da ƙarfi, ina yabonsa, ina sa wa kaina albarka, shi kuma yana tsaye yana ji. Na yi shekaru ina yawo da sunan a bakina daga turmi zuwa turmi. Jikina ya yi zafi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Tun daga ranar sunan aron ya yi mini nauyi kamar na yankan, har yau ban ƙara furta shi ba, kuma a nan ma ba zan faɗa ba. Mata suka yi ta roƙo in yi waƙa, na ce haƙori ke damuna.

Ba a daɗe ba aka zo aka tafi da autan aminiyata. Da rana tsaka aka zo, yana cikin aji, wasu mutane a mota suka kira shi waje, shi ke nan. Aka ce ai shi ne mai rubutun, tun da shi ke karantawa a gindin dalbejiya, kuma an sami rubutun duka a wayarsa. 'Yan'uwansa suka yi ta zirga-zirga, yau a ce yana nan, gobe a ce an kai shi can. Mu dai muka sa ido mu ga ko sabon rubutu zai fito, don kowa ya san in ya fito alhali yaron yana tsare, to an gane ba shi ba ne. Shiru. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ta sake ci, babu ko kalma. Har mutanen ƙauyenmu suka fara cewa ashe dai shi ne, ga shi tun da aka kama shi bakin ya mutu.

Aminiyata ta daina cin abinci. Shi auta ne, ba ta da abin ɓoyewa a kansa, sunansa take kira tana kuka a tsakar gida, ina ji ta kan katanga. Kullum nakan dama kunu in kai mata, in zauna kusa da ita, ta ɗora kanta a kafaɗata. Ta ce ita ta san ɗanta, surutu ne da shi amma ba shi da wannan kan. Wata rana mata sun cika ɗakin, sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da matsoracin da ya kunna wuta ya ɓuya ya bar ɗan wani a ciki. Mata suka ce amin. Ta juyo ta dube ni, don ni ce kusa. Na motsa leɓena, ban san abin da ya fita ba.

Na rasa inda zan sa kaina. A al'adarmu in uwa tana da magana mai nauyi da ɗan fari, ba ta yi da kanta. Aike take yi, ta gwaggonsa ko ƙanin ubansa ko matarsa. Haka na yi duk rayuwata, ko maganar aurensa ta bakin wasu na ji, ta bakin wasu na amsa. To wannan wa zan aika? Duk wanda na gaya wa, na sa wuyan ɗana a hannunsa. In kuma na yi shiru, ɗan mutane yana can, uwarsa tana ƙarewa a kafaɗata. Babu ɗan aike sai ni.

Na ce wa mutanen gida zan je duba jikata. Na hau mashin har Nasarawan Doya, ban shiga gidan ba, na sa yaron mashin ya sauke ni a bakin gonakin rake. Lokacin matsar rake ne. Tun daga nesa ana jin ƙarar inji da ƙanshin ruwan rake yana dahuwa. Na tsaya a gindin wani mangwaro har aka kira azahar, aka kashe inji, ma'aikata suka tafi alwala. Shi bai tafi ba, don ba a barin kasko in ya kusa kamawa. Yana tsaye da doguwar muciya yana juyawa, yana tura ɓawon rake cikin wuta da ƙafa.

Da ya gan ni sai ya saki muciyar ya durƙusa.

"Yaya, lafiya? Wani ne ya rasu?"

Na ce babu wanda ya rasu tukuna. Na tsaya na ba shi gefe, ina duban wutar. Na yi ta shirya magana a kan hanya, duk ta gudu. Da ƙyar na ce, "Wata akuya na ji tana yawo a wayoyin mutane, mai karyayyen ƙaho. A gidana aka haife ta, kuma ban taɓa kai ta ko'ina ba."

Kaskon ya fara kumfa yana neman ƙonewa, ya tashi ya kama muciya ya ci gaba da juyawa. Can ya tambaye ni ko na gaya wa wani, na ce a'a. Ya ce ya san abin da ya kawo ni. Ya ce tun ranar da aka kama malamin ya cire layin wayarsa ya jefa a wutar nan, bai ƙara taɓa rubutu ba. Ya ce kullum yana cewa gobe, goben ta ƙi zuwa.

"Tsoro nake ji, Yaya," in ji shi. "A rubutu ba na ji. Amma in na shiga gida na ga yaran nan, sai ya kama ni."

Ban taɓa jin magana irin wannan daga bakinsa ba, ban taɓa jin kowace iri ba ma in ban da gaisuwa. Sai na juyo na dube shi sosai, ido da ido, abin da ban yi ba tun yana goye. Ashe furfura ta cika masa gemu. Ashe yana da wani tabo babba a saman gira, tsoho, wanda ban san ranar da ya same shi ba, ban san wa ya yi masa jinya ba. Goshin mahaifina ne sak a fuskarsa. Na yi sauri na mayar da idona ƙasa.

Na ce masa uwar yaron ba ta cin abinci. Na ce ni nake kai mata kunu, kuma na gaji da zama kusa da ita.

Ya ce in ya sake rubutu za a saki malamin, wannan yana ganin haka ne, amma za a dawo neman na gaskiya, kuma yanzu suna da hanyar bin waya har inda take kwana. Ya ce in ya yi, to zamansa a ƙasar nan ya ƙare. Ya faɗa a hankali, yana juya kasko, kamar yana ba ni dama in janye. Na gane abin da nake roƙo. Ban janye ba, shi kuwa ya san amsa ce.

Ya sauke kaskon, ya fara zubawa a ƙananan kwanonin da aka jera a ƙasa. Yana sunkuye ya ce, "Ranar sunan nan na ji waƙar."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce ban san shi ba ne.

"Na sani," ya ce. Ya ɗan yi murmushi. "Da kin sani ai da ba ki yi ba. Na fita na zauna a bayan gida har kuka gama. Tana da daɗi."

Ma'aikata suka fara dawowa daga salla, ya gaya musu yayarsa ce ta zo daga Hunkuyi, suka gaishe ni. Ya ɗaure mini mazarƙwaila mai ɗumi a leda, ya tsayar mini da mashin, ya biya. Da zan hau ya durƙusa ya ce in sauka lafiya, na ce Allah ya yi albarka, a hankali, ban sani ba ko ya ji.

Kafin kasuwa ta zagayo sabon rubutu ya fito. Aka kunna mana a ɗakin aminiyata. Ya ce mutumin da aka tsare bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya a ciki ba, laifinsa kawai ya iya karatu da murya. Ya ce shi mai rubutun yana nan a waje yana shan iska, kuma ya yi shiru ne don tsoro, ya faɗa da bakinsa, bai ɓoye ba. Wani rubutun ya biyo baya, wani ya sake biyowa, kowanne ya fi na baya zafi, har babu mai iya cewa daga ɗakin tsaro suke fitowa. Aminiyata ta karɓi kunu ta sha da kanta.

Ɗana kuwa bai jira ba. Ya bi motar da ke ɗaukar mazarƙwaila zuwa gabas, ya ce wa matarsa ciniki zai je. Bai zo sallama ba, kuma na san dalili. Bayan kaka matar da yaran suka bi shi. Mutane suka ce dama mutumin nan bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba.

An saki malamin gab da faɗuwar ruwa. Ya dawo a rame, yana ɗingishi, surutun nan duk ya ragu. Uwarsa ta yi sadakar waina, ta aiko mini da kwano cike, ta ce ni ce na riƙe ta, in ba haka ba da ba ta kai ba. Na karɓa na yi godiya, na raba wa yara.

Rubutun ya ci gaba da fitowa jefi-jefi na wasu shekaru, daga nan ya ɗauke. Abin da na ji game da ɗana a wannan tsakanin, a bakin ƙaninsa direba na tsinta. Wai yana wani gari kusa da iyaka yana sayar da shayi. Wai ya koma wani garin yana gadi. Wai tari ya kama shi. Sau ɗaya ƙanin ya miƙo mini waya ya ce ga shi yana son gaishe ni, akwai mutane a wurin, na amsa gajiya, na amsa jiki, na mayar da wayar. Bara matarsa ta bugo ta ce ya cika, an binne shi a can. Aka yi zaman makoki a gidana. Ba a kuka a kan ɗan fari a gaban mutane, ban yi ba. Aminiyata ta zauna kusa da ni kwana da kwanaki, tana cewa Allah ya ji ƙansa, bawan Allah marar hayaniya, bai taɓa shiga harkar kowa ba.

Har yanzu akan zo daga Zariya da Kaduna, samari masu jaka a baya, suna neman sanin wane ne mai sunan aron nan. Wurin malamin suke zuwa. Yakan ce musu ba shi ba ne, ya rantse, su kuma su yi murmushi su rubuta abin da suka ga dama. Wasu sun ce shi ne, abokansa suka ci gaba don a sake shi. Wasu har yau suna kan maganar malamin jami'a. Ni ba a taɓa tambayata ba. Da an tambaye ni ma, abin da na sani game da shi bai cika tafin hannu ba, na faɗe shi duka a nan.

Malamin ya koma aikinsa. Ta ƙofar gidana hanyar makarantar ta bi, kuma tun da uwarsa ta gaya masa ni na riƙe ta, ba ya wucewa sai ya tsaya. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai, amma sai ya dafa bango ya durƙusa. Na sha ce masa ya bari, ya ƙi. Yakan ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa, kaina a ƙasa, har ya miƙe ya wuce.